'Yar Landan a Ƙofar Mata

Shafi na 23

Masu turo min saƙo cewa Shamsiyya ta fiye ɗagawa, na gani, kuma ban ce kun yi ƙarya ba. Ku dai gyara zama.

A cikin kwali ya kawo ta.

Kwali sabo dal, an naɗe shi da leda mai ƙyalli, har da wata takarda mai hoton jirgin sama da aka liƙa a gefe. Abdulmalik ya shigo rumfar Umma Larai, mahaifiyar Shamsiyya, yana ɗaga ƙafa ɗai-ɗai, wai kada jiƙaƙƙiyar ƙasar tsakar gida ta taɓa masa takalmi. Farar shadda ta sha sitaci, turare ya riga sallama isowa. Wannan fa shi ne ɗan Baffa Nata'ala, wanda don ya yi wata shida yana zaman benci a shagon abokinsa a kasuwar waya, dangi suka naɗa shi injiniya. Ko rediyo ce ta ƙi kama tasha, sai a ce a jira Abdul.

Baffa na zaune a kan darduma yana jan carbi, fuskar nan cike da alfahari. Shi ne wan marigayi Malam Jibrin, mahaifin su Shamsiyya, kuma tun bayan rasuwar ba a yanke komai a gidan sai da bakinsa. Umma kuwa ta rakuɓe a bakin ƙofar ɗakinta, ta ja mayafi ta rufe kunnuwa.

Shamsiyya ta san abin da take ɓoyewa. Babu komai a kunnuwan.

Shekaranjiya Tani dillaliya ta zo da buhuna, ta kwashe jeren da Umma ta shekara goma sha tara tana tara wa Shamsiyya na ɗakin aure. Samiru, kwalla, tangaran, har da tasoshin tagulla na kakarsu. Da kuɗin suka gaza, Umma ta zare 'yan kunnen zinarenta ta ɗora a kai. Dubu ɗari shida da hamsin aka damƙa wa Abdulmalik a gaban Baffa. Dalili kuwa, jami'a ta ba Shamsiyya gurbin karatun zanen gine-gine, kuma malaminsu ya faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa ranar Litinin duk wanda bai zo da laftof mai ƙarfin ɗaukar manhajar zane ba, ya zauna a gida ya huta da kuɗin mota. Irin ta 'yan gem, masu wasan kwamfuta, ce kawai ke ɗauka, in ji shi.

Sati biyu ta yi tana zaga shaguna da takarda a hannu. Ta ga wata mai araha, amma nauyinta ya kai na dutsen niƙa, ita kuwa adaidaita biyu za ta riƙa hawa kullum daga Ƙofar Mata. Ta ga wata siririya mai kyan gani, mai shagon da kansa ya rantse mata cewa in ta buɗe zanen bene ɗaya za ta sume. Wadda ta dace ɗin, mai ram sha shida, marar nauyi, mai batir na kirki, kuɗinta ya yi musu nisa. Ta dawo gida ta sha kukanta a banɗaki. A ranar ne Abdulmalik ya ce a bar masa komai, yana da mutum a Landan.

To ga 'yar Landan ta iso.

Ya durƙusa ya yaga ledar a hankali, yana bayani ba a tambaye shi ba. Wai wata Baturiya ce ta yi wata uku kacal da ita, wai ranar Laraba ta sauka a jirgi, wai da a shago ne ko kwalin ba za a ba su a wannan kuɗin ba. Shamsiyya ta miƙa hannu za ta ɗauka, ya janye.

"Wanke hannunki tukuna. Ba turmin rini ba ne."

Ta dube shi sama da ƙasa. Mutumin da har ya shekara goma sha biyar yana yawo a bakin karofi da gajeren wando, uwarsa na bin sa da tsumagiya, yau shi ne ke ƙyamar rini. Ta haɗiye maganar da ta zo mata, ta goge tafinta a jikin hijabi, ta karɓa.

Gaskiya ɗaya ce, laftof ta yi. Ta ɗaga ta da hannu ɗaya, ba nauyi. Bayanta an lulluɓe shi da sitika baƙa mai santsi, ko ƙwarzane babu. Ta kunna, ta shiga inda masu shago suka koya mata ta duba, ta ga ram sha shida, ta ga katin hoton da malaminsu ya rubuta musu. Duk abin da ke takardarta ga shi nan. Wani sanyi ya ratsa ƙirjinta, har ta ji ta yafe wa Abdulmalik rabin iyayinsa.

Baffa ya gyara murya. Ya ce ai shi ya sa ake son na gida, na gida ba ya cutar na gida. Ya ce yaro in ya tashi da hankali tun yana ƙarami ake gani, ba irin wancan ba, da ya kwashe guminsa na shekara uku a bakin rijiyar rini ya sayi abin wasa yana harbin aljanu a allo.

Kowa ya san wancan ɗin. Auwalu ne, yayan Shamsiyya, ɗan farin Umma.

Umma ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, ba ta kare shi a gaban mutane, ba ta shiga sabgarsa, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba tun da ta haife shi. In tana son sa da magana sai ta ce wa Shamsiyya, faɗa wa yayanki. Shi ma ba ya taka ɗakinta. Daga bakin rumfa yake gaishe ta, a kai masa abinci shagonsa na zaure.

Ita kuwa Shamsiyya da ke kai saƙon, ta fi shekara ba ta kai ba. Ko Yaya ta daina ce masa. A ganinta ƙato ɗan shekara ashirin da shida, wanda ya gaji rijiyoyin rinin ubansa, ya wuni tsamo zane hannu shuɗi har gwiwa, ya dawo ya toshe kunne yana buga gem, ba abin girmamawa ba ne. Ranar da ta dawo gida da maganar laftof ya tare ta a zaure yana sosa ƙeya, ya ce ai tasa za ta iya wannan aikin, in tana so. Abin da ta ce masa har yau tana jin daɗinsa a bakinta. Ta ce Allah ya kiyashe ta shiga aji da abin da ke warin karofi, 'ya'yan mutane su toshe hanci. Bai ƙara tayar da zancen ba.

Don haka da Baffa ya yi wannan gugar zana, Shamsiyya murmushi ta yi. Ta ɗora yatsunta a kan kibod.

Nan idonta ya tsaya.

Maɓallai huɗu ne a ɓangaren hagu, W da A da S da D, an yi su garai-garai kamar gilashi, ba baƙaƙe irin sauran ba. Amma garai ɗin ya sirka da shuɗi.

"Yaya Abdul, wannan launin fa?"

"Haka kamfani ke yin su," ya faɗa ko kallo bai yi ba. "Na 'yan gem ne. Ke ina za ki sani."

Ta gyaɗa kai. Ta ga irinsu a shago, masu ja, masu kore. Sai dai na shago launinsu ɗaya ne daga gefe zuwa gefe. Wannan kuwa W ɗin ya fi duhu a tsakiya, A ɗin a gefen hagu, D ɗin kamar an shafa an goge. Ta sauko da ido kan dogon maɓallin ƙasa, daidai inda babban yatsa ke kwanciya, ta karkata shi ga hasken rana. Baƙi ne, amma yana wani ƙyallin ja-ja da shuɗi-shuɗi, irin wanda ke fitowa a rawani in ya sha bugu.

'Yar marina ce fa. A wannan ƙyallin aka yaye ta.

 Ta sa filashin da wata 'yar ajinsu ta ba ta, ta buɗe zanen wani gida mai hawa uku, wai tana gwaji. Laftof ta ɗauka ba gardama. Minti biyu, uku, fankar ciki ta tashi, iska mai ɗumi ta fara fitowa ta gefe tana dukan bayan hannunta. Ta sunkuya kamar mai duba ramin caja, ta shaƙa.

Toka. Jiƙaƙƙen ganyen baba. Da wannan ɗan tsamin da ke tashi daga rijiyar rini in ta nuna.

Ranta ya yi baƙi ƙirin. Ta ɗago ta dubi farar shaddar nan, ta ji da ma a ce tana da bokitin shuni a kusa.

Baffa ya riga ya ɗaga hannu zai sa albarka, kuma kowa ya san in ya shafa fatiha ciniki ya faɗa, ba mai ta da shi sai marar kunya. Shamsiyya ta matsa gabansa da laftof ɗin, ta durƙusa, ta sassauta murya kamar ta Allah.

"Baffa, kafin a shafa. Wata gardama muka yi da ƙawata. Ta ce wai yanzu Turawa sun iya haɗa galurar da ko tsohon marini ba zai bambance ta da baba ba."

Baffa ya sauke hannu.

In kana son ka ga Baffa Nata'ala ya manta da carbi, to ka haɗa galura da baba a jimla ɗaya. Shekara arba'in ya yi a bakin rijiya kafin gwiwa ta zaunar da shi. Ya ce ƙarya take, ita da Turawan. Ya ce galura fenti ce, a sama take zama, baba kuwa shiga yake ya zama jiki. Ya ce a kawo masa ko da ido rufe.

"Ga shi nan a maɓallan nan, Baffa. Yaya Abdul ya ce na kamfani ne."

Abdulmalik ya yi wata 'yar dariya, ya ce haba Baba, kada a ɓata na'ura da yawu, a shafa fatiha kawai yana da inda za shi. Baffa ko sauraronsa bai yi ba. Ya sa tabarau. Ya lashi babban yatsa ya murza W, ya duba yatsan, ba abin da ya fita. Ya karkata dogon maɓallin ga rana kamar yadda Shamsiyya ta yi. Sannan ya kai hancinsa inda iska ke fita, ya lumshe ido, ya daɗe.

"Wane kamfani?" ya ce, har da tsaki. "Wannan baba ne tsantsa. Gumin hannu ne ya kai shi, yau da gobe. Kuma ba na kowace rijiya ba. Kin ga jan nan da ke ƙasan shuɗin? Tokar kara ce ta yi yawa. Duk Ƙofar Mata mutum ɗaya ke wannan haɗin, Jibrin, Allah ya jiƙansa. Sai ko wanda ya koya a hannun..."

Ya tsaya.

Bakinsa ya riga hankalinsa, kuma ya makara. Ya cire tabarau a hankali, ya juya ya dubi ɗansa.



Abdulmalik ya fara in-ina. Wai ai a Landan ma akwai masu rini. Wai wataƙila a hanya ne. Wai shi fa taimako ya yi, in ba a so a ba shi kayarsa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, sitacin wuyan rigar ya fara laushi.

Shamsiyya ta sa farce a kusurwar sitikar bayan, ta ɗaye ta gaba ɗaya. Ga shatin yatsu huɗu nan a bakin murfin, shuɗaye, inda ake kamawa a buɗe.

"Sannu da zuwa daga Landan," ta ce wa laftof ɗin. "Ashe daga zaure kika taso. Taku goma sha biyu."

Umma ta ce, "Shamsiyya."

"A'a Umma, bari. Ai ba shi kaɗai ba ne."

Don ita ta riga ta gama lissafinta. Auwalu ya sayar wa Abdulmalik tsohuwar laftof ɗinsa, sun haɗa baki sun sa ta a kwali, za su raba kuɗin jeren uwarsa. Me ya fi wannan kama da shi? Tana cikin wannan tunanin aka yi sallama a zaure, ta ji ƙarar bokiti. An kusa la'asar, ya dawo wanka ke nan.

"Auwalu!" ta ƙwala masa kira, gatsal, ba Yaya. "Zo ka ga 'yarka ta dawo daga Turai."

Ya leƙo, ya tsaya a inda ya saba tsayawa, bakin rumfa. Tsohuwar singileti, wando a naɗe, hannuwa shuɗaye har gwiwa. Ya durƙusa ya gaida Baffa, ya gaida Umma ido a ƙasa. Da ya hango laftof a cinyar Shamsiyya sai fuskarsa ta saki, har ya so ya yi murmushi. Da ya hango sitika a ƙasa, murmushin ya koma.

Ta miƙe ta zazzage masa. Ba abin da ta rage. Ta ce ta san shi da lalaci, ba ta san shi da cin amana ba. Ta ce ƙato da shi, ya rasa wanda zai yi wa wayo sai uwar da ta haife shi. Ta ce ko kunyar kabarin Abba bai ji ba. Ta ce in kuɗin gem yake nema ya je ya yi dako a kasuwar Kurmi mana, ya fi masa mutunci. Yana tsugune yana kallonta, bai katse ta ba, sai ƙifta ido yake kamar wanda ake yi wa wani yare.

"Nawa ya ba ka?" ta ce. "Faɗa a gaban Baffa. Nawa ne kasonka?"

"Kason me?"

"Nawa ka sayar masa?"

"Ban sayar ba."

"To aro ka ba shi?"

Ya dubi Abdulmalik, wanda ya ƙura wa takalminsa ido. Sannan ya dubi hannuwansa. Da ya yi magana, muryar a ƙasa take, da ƙyar ake ji.

"Ba shi na yi ya kawo miki. Kin ce ba kya son mai warin karofi. Na ce ya goge komai, ya sa mata sitika da kwali, ya ce daga waje take, don ki karɓa." Ya sosa ƙeya. "Har dubu ashirin na ba shi na sabon kibod, don kada ki ga shuɗin. Abdul, ba ka canza ba?"

Abdulmalik ya kau da kai.

Shamsiyya ta sulale ta zauna. Duk maganganun da ta gama faɗa suka dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Sati uku ke nan rabon da ta ji ƙarar harbin gem daga shagon zaure da yamma, yanzu ta tuna, tun washegarin ranar da ta yi masa maganar wari. Ta lura da shirun, har ta ce a ranta ƙila kuɗin data ne ya ƙare masa. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da take.

"Ya ce in yi shiru har ya kawo," Auwalu ya ci gaba, yana kallon ƙasa. "Na ce to. Ni dai burina kada a taɓa komai na gidan nan." Sai ya ɗago. "Wane kaso kike faɗa? Wane kuɗi?"

Carbin ya zame daga hannun Baffa.

Iska ta ɗaga labulen ɗakin Umma.

Shekara da shekaru Auwalu bai kalli cikin ɗakin nan ba, amma ya san abin da ke bangon gabas, don shi ya kafa katakon da hannunsa yana ɗan sha biyar. Yanzu katakai ne kawai, hawa biyar, da zagayen shatin ƙura inda kowace samira ta zauna. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya dubi fuskar uwarsa kai tsaye. Mayafin ya zame. Ya ga kunnen.

"Nawa?" ya ce, ba tare da ya juya ba.

Shamsiyya ce ta amsa. "Ɗari shida da hamsin, Yaya."

Bai ko nuna ya ji Yayan ba.

Ya miƙe tsaye. Abdulmalik ma ya miƙe, yana karkaɗe shadda, yana cewa a bi komai a hankali, kuɗin ba wai sun ɓata ba ne, ya ɗan sa su a wata harka ce, zuwa ƙarshen wata in Allah ya so. Yana magana yana matsawa wajen zaure da gefe-gefe.

Auwalu ya riga shi. Taku uku ya yi, ya tsaya a bakin ƙofar, ya cika ta. Ya ɗora tafinsa ɗaya a ƙirjin farar shaddar, a hankali, kamar mai gwada ko zane ya bushe. Da ya ɗauke, yatsu biyar suka zauna a wurin.

"Auwalu."

Ba Baffa ba ne. Ba Shamsiyya ba ce.

Umma ce, tsaye, ta dafa bango. Shekara ashirin da shida sunan nan bai fito daga bakinta ba, har ya fito wani iri, kamar ba ta iya shi ba.

Kafaɗunsa suka motsa. Bai dube ta ba.

Ya miƙa hannu baya, ya sa wa ƙofar sakata.